Daga Ƙasar Noma Zuwa Matsarmama: Sinadarin Torin a Jikin Masu Shayarwa da Matsayinsa a Yankin Funtua da Malumfashi

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi torin, wani ƙaramin sinadari mai ɗauke da farar wuta, wanda ake samu da yawa a zuciya da ido da ƙwaƙwalwa da tsokar dabbobi masu shayarwa, har da ɗan Adam. Ta bayyana ƙirarsa, da yadda hanta ke sarrafa shi, da ayyukan da bincike ya tabbatar yana yi. Daga nan ta auna wannan ilimi da rayuwar yankin Funtua da Malumfashi, inda hatsi ne ginshiƙin abinci, nama kuwa sai jefi-jefi. Hujjar da maƙalar ta tsaya a kai ita ce, a irin wannan yanki mafi yawan torin da ke jikin mutum jikinsa ne ya ƙera shi. Saboda haka maganar torin a wurinmu magana ce ta nonon uwa, da ɗan abin da ke shiga tukunya daga jikin dabba, da farar wutar da ke cikin ƙasar noma.

Gabatarwa



Wanda duk ya taɓa tsayawa a mahauta da sassafe ya ga yadda mahauci ke yi idan ya ciro hantar sa. Akwai wata 'yar jaka kore-kore manne a jikinta. Sai ya bi ta da bakin wuƙa a hankali, ya yanke ta ba tare da ya huda ba, ya jefar, domin in ta fashe ɗacinta ya ɓata nama. Matsarmama ke nan. Daga ruwan wannan jaka ta sa ne wasu masana biyu na Jami'ar Heidelberg a Jamus, Friedrich Tiedemann da Leopold Gmelin, suka fara tace torin a shekarar 1827. An daɗe bayan haka ana ɗaukarsa ragowar aikin hanta ne kawai, abin da jiki ke neman rabuwa da shi. Sai a shekarun 1970, lokacin da kyanwoyi suka riƙa makancewa a ɗakunan bincike na Amurka, aka gane cewa rashinsa na iya nakasa dabba.

A yau matashin da ke dako a kasuwar hatsi ta Funtua ya fi ɗalibin kimiyya saurin cin karo da wannan suna, domin yana nan rubuce, Taurine, a jikin gwangwanin lemon ƙarin kuzarin da yake sha. Abin da ya sa na ga ya kamata mu yi maganarsa da harshenmu ke nan, mu kuma yi ta da abincinmu da dabbobinmu a gabanmu.

Ƙirarsa da yadda jiki ke samar da shi

Torin farin gari ne mai ƙyalli, yana narkewa a ruwa, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas kafin ya lalace. Ana rubuta shi C2H7NO3S, wato ƙwayar kabon 2, haidurojin 7, naiturojin 1, oksijin 3, da farar wuta 1. Nauyin mol guda giram 125 ne da 'yan kai. A kai ɗaya na ƙwayar akwai rukunin amino, a ɗaya kan kuma rukunin asid na farar wuta mai suna salfonik. A nan ya sha bamban da amino asid 20 ɗin da jiki ke jerawa ya gina furotin, domin su rukunin kaboksil gare su. Don haka ba a saka torin cikin ginin furotin. Sake yake zaune a ruwan ƙwayoyin halitta.

Salfonik asid ne mai ƙarfi, shi ya sa a yanayin ruwan jiki ƙwayar torin kullum tana ɗauke da caji biyu masu kishiyantar juna. Abin da ke ɗauke da caji haka ba ya iya ratsa bangon ƙwayar halitta, wanda na maiƙo ne, sai an shigar da shi. Mai shigar da shi wani furotin ne da ake kira TauT, wanda ke jawo shi ciki tare da sodiyam da kulorayid. Da zarar ya shiga kuwa ba ya fita da sauƙi. Wannan ne ke ba ƙwayar zuciya damar tara torin ninki ɗari ko fiye da abin da ke yawo a ruwan jini. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 70 nasa a jika, mafi yawa a tsoka.

Hanya biyu yake shiga jiki. Ta farko abinci ne: kifi, da zuciya da sauran kayan ciki, da nama, musamman mai duhu irin cinyar kaza, da halittun teku masu ɓawo. Masu cin nama da kifi suna samun tsakanin miligiram 40 zuwa 400 a rana. Masara da dawa da gero da wake da gyaɗa da waken suya kusan babu komai nasa a cikinsu. Ƙwai da nonon shanu ma kaɗan ne ƙwarai.

Hanya ta biyu ita ce hanta. Tana ɗaukar metiyonin, amino asid mai farar wuta wanda dole daga abinci yake zuwa, ta mayar da shi sistayin. Inzayim mai suna CDO ya ƙara wa sistayin oksijin. Wani kuma mai suna CSAD ya cire masa rukunin kaboksil, ya koma haifotorin, sannan a ƙara oksijin ya zama torin. Abu biyu za mu riƙe daga wannan jeri. Na farko, farar wutar da ke cikin torin ba jiki ne ke ƙirƙirarta ba, daga abinci take. Na biyu, CSAD ba ya aiki sai da bitamin B6, wanda shi ne dai bitamin ɗin da maganin tarin fuka na isoniyazid ke ragewa, har likitoci kan haɗa shi da maganin. Ƙarfin CSAD kuma ba a taru an zama ɗaya ba. A hantar ɓera yana da ƙarfi sosai, a ta mutum rauni gare shi, a ta kyanwa kuwa kusan babu. Abin da ke rufa wa baligi asiri shi ne ƙoda, domin idan torin ya yi ƙaranci a abinci sai ta rage zubar da shi a fitsari, ta riƙa mayar da shi jini.

Ayyukansa

Aikin da aka fara sani shi ne na matsarmama. Hanta tana ƙera asid ɗin ɗaci daga kolestarol, sai ta ɗaura masa torin ko gilaisin kafin ta zuba shi cikin hanji. Wannan ɗauri ne ke sa ɗacin ya iya farfasa maiƙon abinci ya gauraya shi da ruwa, kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon da aka ci miyar man gyaɗa a ciki. In ba haka ba mai ya wuce ba a tsotse shi ba, ya tafi da bitamin A da D da E da K. Baligin mutum ya fi amfani da gilaisin, kusan kashi uku a kan ɗaya na torin. Zomo gilaisin ne kusan duka nasa. Shanu suna amfani da duka biyun. Jariri sabon haihuwa kuwa torin ya fi dogara a kai.

Na biyu shi ne daidaita ruwan ƙwayar halitta. Idan ƙwaya ta fara kumbura sai ta saki torin, ruwa ya bi shi waje. Idan ta fara tsukewa sai ta tara shi. Da yake cajinsa biyu sun kashe juna, yana shiga da fita ba tare da ya rikita wutar lantarkin da jijiya da zuciya ke aiki da ita ba. A ƙwaƙwalwa, wadda ke rufe cikin ƙoƙon kai ba ta da wurin kumbura, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

A zuciya yana taimakawa wajen daidaita kai-komon kalsiyam, wanda shi ke sa tsoka ta matse ta saki. A tantanin gani da ke bayan ido, yana daga cikin sinadaran da suka fi yawa a ƙwayoyin da ke karɓar haske. Ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gado mai samar da TauT sun rasa gani tun suna ƙanana, sun kuma kasa jure gudu. A 2020 an ba da rahoton wani gida a Pakistan inda yara suka gaji TauT mai rauni daga iyaye 'yan'uwan juna, suka kamu da lalacewar tantanin gani da raunin zuciya, kuma da aka riƙa ba su torin zuciyar ta gyaru.

Fararen ƙwayoyin jini ma suna tara shi. Idan sun kama ƙwayar cuta suna ƙera asid mai ƙuna irin na bilic don su kashe ta, sai torin ya kama rarar ya mayar da ita wani abu mai sauƙin illa, wanda har yana lafar da kumburi. Sannan a farkon shekarun 2000 Tsutomu Suzuki da abokan aikinsa a Japan suka gano cewa a cikin maitokondiriya, wato ma'aikatar kuzari ta ƙwayar halitta, ana liƙa torin a jikin wasu ƙananan ƙwayoyin RNA masu karanta saƙon gado. In babu shi karatun ya karkace, wasu furotin na numfashin ƙwaya su fito a gurgunce. A kan wannan tushe Japan ta amince a 2019 a riƙa amfani da torin wajen rage farmakin cutar gado da ake kira MELAS.

Darasin kyanwa

A 1975 K. C. Hayes da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science cewa kyanwoyin da aka ciyar da abincin da furotin ɗinsa na madara ne zalla sun fara rasa ƙwayoyin gani, kuma rashin torin ne sanadi. A 1987 Paul Pion da abokansa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa ciwon buɗewar zuciya da ke kashe kyanwoyin gida shi ma daga nan yake, kuma idan aka ba su torin zuciyar tana komawa daidai. Kamfanonin abincin dabbobi suka ƙara shi a kayansu, cutar ta ja baya ƙwarai. Makanta dai, in ta riga ta auku, ba ta warkewa.

Kyanwa ta faɗa wannan hali ne don abu biyu sun haɗu mata. Hantarta ba ta iya ƙera torin sosai, kuma ɗacinta da torin kawai take ɗaure shi, ba ta komawa ga gilaisin ko da ya yi ƙaranci. Kullum tana asararsa ta hanji.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ƙauyukan Bakori da Kafur da Danja, kyanwa ma'aikaciyar rumbu ce. Wadda ke kwana a gindin rumbun masara tana cin ɓera ɗanye, da zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa, ba ta da matsalar torin. Wadda ke cikin haɗari ita ce ta cikin gari, wadda aka kulle a shagon hatsi ko a gida mai siminti, ake zuba mata ɗumamen tuwo da ɗan nono a murfin kwano ana ganin an kyautata mata. Tuwo ba shi da torin, nonon shanu kuma bai isa ba. Alamun suna zuwa a hankali: ƙwayar ido ta zauna a buɗe ko da rana, ta fara karo da kaya, ta riƙa ɓari ko ta haifi 'ya'ya raunana, daga baya numfashi ya yi mata wuya. Maganin bai fi kan kifi da hanjin kaza da guntun zuciya daga wurin mahauci ba. Ina ganin wannan bayani ne da ya kamata malaman dabbobi su riƙa yi wa masu shagunan hatsi, domin haƙƙin dabbar da aka tsare yana wuyan wanda ya tsare ta.

Shanu da tumaki da awaki nasu da sauƙi. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinsu suna iya ɗaukar farar wuta tsagwaronta su gina metiyonin da sistayin da ita. Sharaɗin shi ne a sami farar wutar. Mai turkar ragon layya da ke haɗa dusa da harawa da angurya yana samun ta daga nan. Amma wanda ke jiƙa karan dawa da yuriya don ƙara masa ƙarfi, ya sani cewa yuriya naiturojin ce zalla, kuma masana kiwo suna ba da shawarar kusan kashi 1 na farar wuta ga kowane kashi 10 na naiturojin.

Jariri, dakashi da nonon akuya

A cikin mutane, wanda halinsa ya fi kusa da na kyanwa shi ne jariri, musamman bakwaini. Hantarsa ba ta ƙosa ba, ƙodarsa ba ta iya riƙe torin sosai ba, ga ƙwaƙwalwa da ido suna tsakiyar ginuwa. A ciki yana samu ta mabiyiya, bayan haihuwa kuma ta nono. Nonon mace yana da torin da yawa, ya ninka na saniya nesa ba kusa ba, kuma binciken Gerald Gaull da John Sturman da abokansu ne ya kai ga aka fara ƙara shi a madarar gwangwani ta jarirai a shekarun 1980. A 1985 wani bincike da aka wallafa a New England Journal of Medicine ya nuna cewa yaran da suka daɗe ana ciyar da su ta jijiya da ruwan da babu torin, awon lantarkin idonsu ya nuna matsala, da aka ƙara shi kuma ya gyaru.

A nan ne tsohuwar al'adar matse dakashi a zubar take ba ni tsoro. Wannan nono na farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda wasu kakanni ke ganin bai dace da cikin jariri ba, yana ɗauke da garkuwar jiki da bitamin A, yana kuma ɗauke da torin a daidai kwanakin da ɗacin jaririn ya fi bukatarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa guda da haihuwa, a kuma shayar da shi nono zalla wata 6. Ilimin torin ƙarin hujja ce ga ungozoma da ma'aikaciyar asibitin karkara, kuma ya kamata a kai wa kaka ita cikin ladabi, tunda ita ke riƙe da ɗakin mai jego.

Nonon akuya ya fi na saniya torin sosai. Mu kuwa jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, kusan babu gidan da ba ta a karkararmu, kuma galibi ta mata ce. Sai dai ba kasafai ake tatsarta ba, sai in uwa ta rasu ko nono ya ƙafe. Ga yaron da ya wuce wata 6 aka fara ba shi kunu, dafaffen nonon akuya a cikin kunun nan ya fi ruwa da sukari nesa. Amma a yi hattara: nonon akuya yana da ƙarancin folet, kuma jaririn da aka raina da shi kaɗai yana iya kamuwa da ƙarancin jini. Ƙari ne a kan nonon uwa, ba madadinsa ba.

Akwai kuma wani ɗan abu na madafa. Torin yana jure zafi amma yana bin ruwa. In aka tafasa nama ko kifi, kaso mai yawa yana komawa cikin romo. Ke nan tarwaɗa guda daga madatsar Mairuwa, in aka dafa ta a miyar kuka kowa ya samu, ta fi amfani ga yara a kan a soya ta a ajiye wa maigida shi kaɗai.

Farar wuta a gona

Tunda abincin yau da kullum a wannan yanki tuwo ne da wake da awara da ƙuli-ƙuli, hantar manomi ce ke ɗauke da nauyin samar masa torin, ita kuma da metiyonin da sistayin ta dogara. Hatsi yana da su daidai gwargwado, amma laisin ya yi masa kaɗan. Wake da waken suya suna da laisin, amma amino asid masu farar wuta ne rauninsu. Shi ya sa haɗa hatsi da wake, kamar a ɗanwake ko dawa da wake, yake cike giɓin juna. Masarar nan mai ingantaccen furotin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da sunan SAMMAZ 14, wadda asalinta Obatanpa ce ta Ghana, laisin da tiriftofan aka ƙara mata. Ba ta warware matsalar farar wuta ba, ba a kuma yi ta don haka ba.

Shuka daga ƙasa take ɗaukar farar wuta. Tun a shekarun 1970 binciken A. R. Bromfield a Samaru ya nuna ƙasar wannan sashe na arewa ba ta da ita da yawa. A zamanin gyaɗa da auduga takin sufa ya rufe wannan giɓi ba tare da an lura ba, domin kusan kashi 12 cikin 100 nasa farar wuta ce. Shirin bunƙasa noma na Funtua da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da Gombe, ya taimaka wajen mayar da wannan yanki ƙasar masara. Masara kuwa naiturojin take ci, sai hankali ya koma kan yuriya da kamfa. Yuriya ba ta da farar wuta ko kaɗan, ta kamfa kuma ta danganta da yadda aka haɗa shi. Ga kara ana kwashewa ko a ƙone shi, ƙonawar kuma tana sallamar farar wutar da ke cikinsa zuwa sama.

Manomi na iya ganin alamar da idonsa. In naiturojin ne ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara yin ɗorawa. In farar wuta ce, sababbin ganyen sama ne ke fitowa a koɗe. Mutum ya ga haka ya ƙara yuriya, kuɗi su tafi, ganye bai gyaru ba. Sananne ne kuma a ilimin tsirrai cewa shukar da ta rasa farar wuta tana rage furotin masu metiyonin da sistayin a ƙwayarta. Hasashena, wanda nake gabatarwa don a gwada, shi ne raguwar farar wuta a ƙasar noma tana iya kaiwa har ga torin da ke jikin mai cin amfanin gonar, kuma ta fi nuna kanta a yaran da aka yaye a kan kunu zalla. Binciken da aka yi a Jamaika kan tamowa mai kumburi ya nuna irin waɗannan yara suna da ƙarancin sistayin da gulutatayon a jini, kuma sistayin ɗin nan dai shi ne tushen torin. In ya yi kaɗan, ayyuka da yawa ne ke rububinsa.

Kada a wuce gona da iri

Duk wanda ya ji labarin zuciyar kyanwa zai tuna ciwon zuciyar masu jego, wanda Davidson da Parry suka bayyana a Zariya a shekarun 1970, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya karkata hankali ga ƙarancin seleniyam da rama da talauci. Darasin da na ɗauka shi ne abinci yana da hannu a lafiyar zuciyar matanmu, don haka ya cancanci a sa torin cikin abubuwan da ake aunawa. Amma mace ba kyanwa ba ce. Hantarta tana ƙera torin, ɗacinta yana iya komawa ga gilaisin. Babu dalilin da zai sa wani ya bar maganin asibiti ya kama shan torin.

Haka batun tsufa. A 2023 Vijay Yadav da abokansa na Jami'ar Columbia suka wallafa a Science cewa ɓerayen da aka ba torin sun ƙara tsawon rai da kashi 10 zuwa 12 cikin 100, suka kuma ce yana raguwa a jini da tsufa. A 2025, a wannan mujalla dai, masu bincike na cibiyar nazarin tsufa ta gwamnatin Amurka suka bi mutane da birai da ɓeraye tsawon lokaci, suka ga ba ya raguwa haka, sau da yawa ma ƙaruwa yake yi.

Sai lemon gwangwani. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da miligiram 1,000 na torin da miligiram 80 na kafeyin. Jita-jitar cewa daga maniyyin bijimi ake samo shi ba gaskiya ba ce. A masana'anta ake haɗa shi daga sinadaran da ba na dabba ba, kuma mafi yawansa daga Sin yake fitowa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta duba shi a 2009 ta ce adadin da ke cikin irin wannan lemo ba abin damuwa ba ne. Wartsakewar da direba ke ji a hanyar Funtua zuwa Gusau ta kafeyin ce da sukari. Torin ba ya hana barci. Illar ma daga kafeyin da sukarin take, balle in an haɗa da taramol kamar yadda wasu 'yan ƙwadago ke yi a lokacin girbi. Abin da ya fi damuna shi ne lissafin aljihu: kuɗin gwangwani guda, in aka sayi busasshen kifi da su, gida duka zai samu torin tare da furotin da ƙarfen jini.

Abin da ya kamata a auna

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga bincike mai zurfi. A shekarun 1970 aka gudanar da shirin binciken cututtuka na Malumfashi, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta yi tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, kuma har yau ana komawa ga sakamakonsa kan zazzaɓin cizon sauro da tsargiya. Hanyar awon ma an riga an share ta. Yukio Yamori na Japan, a binciken CARDIAC da aka fara a tsakiyar shekarun 1980 da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, ya auna torin a fitsarin awa 24 na al'ummomi da yawa, ya ga inda yake da yawa mutuwar ciwon jijiyoyin zuciya ta fi ƙaranci, ko da yake wannan dangantaka ce, ba tabbacin sanadi ba.

Shawarata ita ce a ɗauki gonaki a Kafur da Bakori da Dandume, a raba kowace biyu, rabi da takin da aka saba, rabi a ƙara sufa ko amoniyam salfet, sannan a auna metiyonin da sistayin a masara da wake da waken suyar da aka girbe. A gefe guda a auna torin a nonon mata masu shayarwa da fitsarin yaran da aka yaye, sau ɗaya a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sau ɗaya bayan kaka. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta auna nonon jar akuya da na bunaji a damina da rani. Ɓangaren ƙasa da hatsi na Samaru ne, na asibiti kuma jami'o'in Dutsin-Ma da Katsina za su iya ɗauka. Samfurin jini yana bukatar kulawa ta musamman, domin fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin daskarar da jini cike suke da torin, kuma in suka fashe a kwalba kafin a raba ruwan jinin, awon zai nuna adadin da ya wuce na gaskiya. Don haka a tanadi na'urar raba jini da sanyin ajiya tun a wurin ɗiba, kafin a kama hanyar Zariya.